Toka Ba Ta Fita a Talabijin

Ni ne Tankari, mai shata filin kwaleji.
Shekara sha tara ina jan layi
da toka a gwangwanin tumatir.

Jiya Mushe Barmu ya tara yara a gindin bedi,
ya ce daga bana mun bar rukuninmu,
mun koma na gabas, wajen su Damagaram.
Na ce, me Tibiri ta yi mana?
Ya ce, ba ta yi komi ba, Tankari.
Laifinta ke nan.

Ya ɗauki alli, ya juya bayan ƙofa.
A nan, in fili ya cika maƙil, jika bakwai,
rabi na alƙalin wasa, rabi na ruwan leda.
A can kamfanin waya ke ɗaukar kaya:
riga da lamba, takalmi mai haƙora,
mota mai sanyi, kwana a ɗaki mai makulli,
ran Lahadi kuma a nuno mu a talabijin.
Masu farautar 'yan wasa, in ji shi,
ba sa bin hanyar Madarunfa.
Yaro ya ci biyar a Gidan Rumji,
awaki ne shaidunsa.

Ban musa ba.
Na san Dille, da ƙafarsa ta hagu
mai lanƙwasa ƙwallo kamar lauje.
Yanzu albasa yake lodi a tasha.
Da wani ya gan shi, da wa ya sani.

Sai dai allin bai rubuta Lahadin Tibiri ba.
Mu uku uku a kan kabu-kabu,
masu ƙafa su taso tun hantsi,
Goshi mai ƙosai ta rufe kasko ta bi mu
don kawai ta zagi golansu.
A ci mu, mu yi wata ba mu sayen goro wurin Bagobiri.
Mu ci su, har kurma ya ji a bakin gulbi.
Wa zai bi yara Damagaram da kuɗin cefane?
Wa muka sani can da za mu yi wa dariya?

Da magariba Na-Ayya ya bugo,
takwarana na Tibiri,
wanda kullum layinsa ke cin taku guda.
Ya ce, an ce kun yi arziki.
Na ce, haka aka ce.
Muka yi shiru har kuɗin wayarsa suka ƙare.

Yau da safe aka sauke wata keke a fili,
mai ƙafa uku, tana tsiyayar farin fenti.
Mushe Barmu bai dube ni ba da ya ce
toka ba ta fita a talabijin.

Buhu biyu na tara daga gidan burodi.
Suna nan bayan raga.
Gobe zan ɗaura ɗaya a keke in kai wa Na-Ayya,
in tsaya in ga ko zai gyara takun nan.