Ta Ƙofar Gaba

Mu ashirin da uku ne a cikin bas,
'yan ƙungiyar adana tsofaffin lambuna,
kowa da laimarsa, kowa da ciwon gwiwarsa.
Gwenda Prosser na tsaye da takarda tana kiran suna.
Ta kira nawa, na amsa.
Ban gaya mata na san hanyar ba.

Tun daga Ludlow ake yayyafi.
Tumaki a kan tuddai sun ba mu baya.
Sau biyu direba yana ɓata,
ni kuwa ina nuna masa a zuci:
bayan gadar dutse, hagu,
bayan cocin da ƙararrawarsa ta tsage, hagu kuma.

Sai ga gidan.
A yarintata ta baya muke shiga,
ta wajen tulin taki, inda baro ke kwana.
Yau na biya fam goma sha biyu
aka buɗe mini ta gaba, har da murmushi.

Jikan gidan ne ya zagaya da mu,
Crispin, dogo, takalmin roba har gwiwa.
Ya nuna shingen da aka yi wa aski,
ya nuna wardi mai suna irin na 'ya'yan sarauta,
da tafkin da gansakuka ta cinye bakinsa.
Mutanenmu na ɗaukar hoto, suna jinjina kai,
wani tsoho na gardama da matarsa a kan sunan wani fure.

Da muka iso bangon kudu ya tsaya.
Tuffa ce, an shimfiɗa rassanta a jikin bulo
kamar mai shanya hannuwa.
Ya ce, kakata Honoria ce ta dasa wannan,
babu irinta a duk yankin.

Kura da shan bugu.

Na san safiyar. Ina da shekara bakwai.
Sanyi ya tsattsage wa babana yatsu,
wuƙa a hannu, zare a baki,
ya yanko reshe daga tsohuwar bishiyar bayan gidanmu
ya ɗaura musu aure da wannan kututture,
ya shafe raunin da kakin zuma.
Ni na riƙe masa gwangwanin.
Honoria tana bene, labulenta a sake.

Ban yi niyyar magana ba.
Bakina ne ya riga ni:
Emrys Pugh. Shi ya yi mata aure.
Duba ƙasa, tabon yana nan.

Aka yi tsit, sai ɗigar ruwa a kan laimomi.
Crispin ya durƙusa cikin laka,
ya shafa kumburin da ɗan yatsa,
ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, ba wanda ya taɓa gaya mini.
Na ce, ba wanda aka taɓa tambaya.

Gwenda ta juya bayan takardar sunayenmu,
ta ce in maimaita mata harafi harafi.
Ruwa ya jiƙa tawadar, ta sake rubutawa.

Aka kira shayi a tsohon ɗakin gilashi.
Suka tafi, cokula na ƙara.
Na tsaya.
Crispin ya tsinko guda ɗaya ya miƙo mini,
kore, tauri kamar dutse.
Bai san ba a cinta yanzu ba.
Sai an kwantar da ita a cikin ciyawa, a duhu,
ta kai Kirsimeti, sannan ta yi zaƙi.
Haka babana ya ce, kuma shi ba mai yawan magana ba ne.

Na sa ta a aljihun kwat.
Daga nesa na ji Gwenda a bakin bas tana ƙirga:
ashirin da ɗaya, ashirin da biyu,
wa ya rage?
Na bi ta wajen tulin taki na fita,
ƙafata ta fi sanin nan.