Jan Gashi

Na fara da tsintsiyar laushi,
ta bi ta kansa ta wuce, ta bar shi.
Na koma ga buroshi, ya ƙara cusa shi.
Jan gashi, gajere, mai taurin kai,
ya kama saƙar kujera
kamar ƙarangiya a bakin wando.

Tun da aka sallame asuba nake nan,
ƙofa huɗu a wangale ƙarƙashin dogon yaro,
hantsi na leƙowa ta kan rufin Runjin Sambo.
Layina a tasha ƙarfe tara ne, Illela,
ga shi yau Juma'a, kowa da farar shadda.

Yaron wankin mota ya leƙa, ya ja da baya:
"Ba ni taɓa wanga, ko nawa za ka ba ni."
Ban ga laifinsa ba.
Shekaranjiya ni ma abin da zan ce ke nan.

Amma jiya, dare ya raba, Arzika ya buga ƙofa,
mai gadin albasa a fadamar Kwalkwalawa,
da Barsu saɓe a kafaɗa.
Kububuwa ce. Ƙafar ta yi kamar taɓarya.
Ya ce, "Mutum ukku sunka ƙi ni."
Ban ce to ba, ban ce a'a ba,
na dai laluba makulli a aljihun riga.

Mun shimfiɗa buhu, karen ya ture buhun,
ya ɗora haɓa a cinyar mai shi.
Duk ramin da na faɗa sai in ji nishi biyu.
"Shekara bakwai," in ji Arzika, ba da ni yake ba,
"ko albasa guda ba a ɗauka ba."
Likitan dabbobi ya fito da tocila,
ya ɗaga leɓen, ya duba dasashi,
ya kashe tocilar.

Ina tsince su ɗaya-ɗaya da farce
sai ga Kulu, 'yar autata, da buta.
"Baba, ba haka a kai ba."
Ta tuɓe silifarta, ta yayyafa ruwa,
ta ja robar gefe guda, ta sake ja,
sai gashin ya miƙa wuya,
ya tashi yana murɗewa sili-sili
kamar tufkar igiya a cinyar tsoho.
Ban tambayi inda ta koya ba.

Na naɗa salatef a yatsu huɗu, danƙon a waje,
na bi lungun da silifa ba ta shiga.
Na ci karo da ƙwallon dabino,
da maɓallin wani, da rabin goro ya bushe.
Kafet kuwa sai da dutsen goge kaushi,
wanda uwarta ba ta san mun ɗauka ba.

Abin da muka tara bai fi goriba ba.
Kare guda, shekara bakwai.
Na rasa inda zan jefa,
na aje a kan katanga.
Kafin in gama fesa turare
gwara ta sauko ta figi rabonta,
ta yi cikin indararo da shi.

Mun wuce Gwadabawa, rana ta take,
wani dattijo a baya ya ɗaga yatsu biyu:
"Direba, mi ne ne wanga bisa rigata?"
Na dube shi ta madubi.
Sili ɗaya ne, ja, yana rawa a iskar taga.
"Akuya ce, Alhaji. Jar akuya na ɗauko jiya."
Ya ce, "Madalla," ya hure shi.

Har Illela ban ƙara buɗe baki ba.
Barsu, ka yafe mini akuyar.