Filas Ɗin da Ya Lotse

Ƙarfe tara muke rufe kemis a Taminus.
Oga ya ja ƙofa, ya shige motarsa.
Ni keke ke kai ni 'Yan Shanu in an yi sa'a,
sauran hanyar Rikkos ni da ƙafata.

Kachollom ce ta koya min riƙon makulli.
A bayan kanta ta kama hannuna,
ta cusa su ɗaya-ɗaya tsakanin yatsuna:
na ɗaki, na ƙofar gida,
da na akwatin da aka sace tun bara.
Ta ce dunƙule. Na dunƙule.
Sai ga ni da farce uku irin na kyanwa.
Ta ce sau ɗaya tak, kar ki tsaya duba aikinki,
daga nan ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Inna Tasalla nata yaji ne a ƙullin leda,
wanda ranar dakansa har maƙwabta na atishawa.
"Ki san inda iska ta dosa kafin ki watsa,
kar ki makantar da kanki ki rage masa aiki."

Lema kuwa damina ta ba ni,
don garin nan ba ya sallama kafin ya zubo.
Ga biro, ga tocila, ga fil ɗin mayafi.
Kullum sai na jera su a zuci ina tafe
kamar mai bitar hadda.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Lemar tana wajen Kachollom, ɗanta ba lafiya.
Yajin ya sha sanyi ya dunƙule kamar daddawa.
Makullan na can ƙasan jaka
don hagu na riƙe da ledar dankali.
A lungun bayan gidan burodi
hannu ya fito daga bango ya damƙi igiyar jakata.

Ban tuna da kowa ba.
Filas ɗin shayina ne a dama,
shi ya tafi, ni na bi shi.
Ƙwal! kamar kwano ya faɗi a siminti.
Aka ce wayyo Inna,
da muryar da ba ta gama fashewa ba.

Na runtuma.
Dankalina ya riga ni gangarawa,
ina jin sa yana faɗawa kwata ɗaya bayan ɗaya.

A gida aka ce barka.
Inna Tasalla ta juya filas ɗin gaban fitila,
ta shafa wurin da ya lotse da babban yatsa,
ta ce kan wani da tauri.
Muka yi dariya. Na kasa cin tuwo.

Juma'a da hantsi wani yaro ya shigo shago,
hula a karkace, kunnen hagu kamar ƙosai.
Ya ce daga babur ya faɗo.
Ya ce filasta, da na ciwon kai na ɗari biyu.
Samari nawa ne ke faɗowa daga babur a Jos?
Ban sani ba. Har yau ban sani ba.

Na yanka masa kati da almakashi,
na ce biyu da safe, biyu da dare, bayan ka ci abinci.
Kuɗinsa bai cika ba, saura hamsin.
Na ce bar shi.
Bai ɗago kai ba. Ban so ya ɗago ba.
A ƙarƙashin kanta ɗaya hannun nawa
ya riga ya fito da faratansa uku.

Filas ɗin ya daina riƙe zafi.
Kafin azahar shayin ya huce salaf.
Kachollom ta ce a Kwararafa akwai masu araha.
Na ce to, sai ƙarshen wata.
Wata huɗu ke nan.