Abin da Ƙafa Ke Fara Sani

A rumfar jirgi ta Coyhaique, ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa,
na ɓamɓare kafet ɗin da ke cikin jirgin Baba.
Shekara talatin da ɗaya yana kwance,
ya sha laka, ya sha madara, ya sha gumin takalma,
ya yi nauyi kamar bargon da aka tsamo daga kogi.
A ƙarƙashinsa tsatsa ta yi gida a wuyan kusoshi,
ga ƙwayar alkama uku, ga maɓallin riga,
ga tabo mai launin ƙasa daf da ƙofa
inda matar Nahuelquín ta haihu, tafki na shuɗewa ƙasa da su,
Baba na tuƙi, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Yanzu yana zaune kan garwar mai.
Idonsa ya daina yarda da nesa, an karɓe masa takardar tashi.
Ya ce, "Ximena, ki mayar da kafet. Ja, mai kauri.
Mai tsoron sama, ƙafarsa ce ke fara sani."
Na ɗora tsohon a sikeli.
"Kilo goma sha ɗaya, Baba.
Maganin tumakin gida biyar ke nan
da muke barowa a ƙasa duk tashi."
Ya tsotsi shayinsa mai ɗaci, bai tanka ba.

Dillali ya aiko da gutsattsari cikin kwali.
Falanki siriri mai ƙamshin daji, amma shi da danshi ba sa ga maciji.
Farantin alminiyam mai ƙyalli,
wanda sanyin Yuli zai mayar wuƙa a tafin ƙafa.
Baƙar roba mai tambarin kwabo-kwabo, ba ta santsi.
Sai wani allo mai ciki irin saƙar zuma,
sakayau, iska ma ta raina shi,
kuɗinsa kuwa saniya da maraƙinta.

Na yanko kowanne, na fita bakin ƙofa da ashana,
ni da kunnawa, Baba da ƙirga.
Soson da ke jikin bango tun ina goye
ya kama kafin ya ce biyu,
ya narke yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi, mai shaƙe wuya.
Baba ya daina ƙirga.
Shekara talatin kafaɗarsa na jingine da wannan.

Can ya tashi, ya warware ulun da ke wuyansa,
saƙar Mama, daga tumakin Cochrane,
ya miƙo mini gefensa.
Wuta ta lasa, ta yi ƙauri, ta mutu don kanta.
Ya yi dariya har da tari.

Ashanata ba hujja ba ce a gaban hukuma;
Oyarzún mai bincike za ta zo da tabarau, ta nemi takarda,
sai na yi odar ulu mai hatimi daga Santiago.
Sauran kuwa na yanke:
falanki a ƙasa, an shafe shi ciki da bai,
roba a kansa inda buhu da takalmi ke gurza,
saƙar zuma a ƙofofi kaɗai, iya ƙarfin aljihu,
ulu, faɗin taku biyu, gaban kujerar fasinja.

Tsatsar na kankare ta tas.
Tabon, na tsaya da burushi a hannu,
na shafe kewayensa da fenti, na bar shi.

Da na ɗaure noti na ƙarshe, kilo shida da rabi sun ragu.
Baba ya tuɓe takalmi, ya hau da ƙyar,
ya wuce kujerarsa, ya zauna a ta baya
inda bai taɓa zama ba,
ya dasa ƙafafunsa cikin ulun, ya rufe ido.
Ruwa na ta dukan kwano.
Ya ce, "To, tayar da injin mu ji."