Gidan Da-A-Ce

A Daura, bayan la'asar,
Baba Tanimu magini ya tsuguna da kara a hannu,
ya ja layi a rairayi: nan zaure, nan rumbu,
nan ɗakin Tasalla, da a ce zazzaɓin bai tafi da ita ba.

Na ce, Baba, ina gidan nan yake?
Ko akwai wata Daurar a bayan wannan,
inda ta yi furfura, tana faɗa da jikoki kan gishiri?

Ya yi dariya har ya ƙware da goro.
Babu, yaro. Ba motar da ke lodin can.
Ga ta nan ga ta nanku ce,
ni na ƙaga ta, ni ke hure mata fitila.
Amma da irinta nake auna katanga:
in ce, da a ce damina ta yi nauyi, nan zai tsage,
sai in ƙara ƙasa.
Ƙaryar ce ke riƙe da azara.

Akuya ta ratsa zanen, ta taka zauren.
Ya share saura da tafin ƙafa.
Ɗakin Tasalla kaɗai ya bari
har aka kira magariba.