Mai Wankin Riguna

Ni ne nake wanke musu riguna,
goma sha takwas, koraye masu ratsin fari,
a bayan masana'antar Alhaji Sharu mai bokiti
inda famfo ke zuwa da asuba kaɗai.
Sunana bai taɓa shiga takardar alƙalin wasa ba.

Taurarin Sharaɗa, haka aka ce a rubuta jikin bas.
Mai fentin Fagge ya manta lanƙwasar ɗa,
muka yi ta yawo da ita har Gusau, har Azare,
kullum a ce gobe, ba a gyara ba.

Lamba ɗaya ta Baballe ce,
dogo kamar gwangwala, tafinsa faifai guda.
Sai ya tofe turakun raga kafin ya tsaya.
Yanzu ƙofar wani banki yake tsaro wajen Bata,
yana cewa har yau ba a zura masa ta tsakanin ƙafa ba.

Biyar, Chukwudi ɗan Sabon Gari,
ya fi mu iya baƙar magana da Hausa.
Watan azumi ana horo, rana na dafa kai,
bai taɓa kurɓar ruwa a gabanmu ba.
Gwiwarsa ta goce a Kafanchan,
muka yi karo-karo, aka sa shi a motar dare,
daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Takwas, Ghali, da ya bar shagon yayansa a Kwari
don albashin da aka ce duk wata ne.
An biya huɗu.
Na biyar aka sauke musu bokitai da robobin wanka,
kowa dozin biyu, a je a nemi kuɗi.
Suka jeru a bakin kasuwar Ƙofar Wambai,
wata tsohuwa na taya baho, jikanta na jan zanenta:
Iya, wannan ba shi ya ci ƙwallo ran Asabar ba?

Tara kuwa, Nazifi.
Bari in gyara zama.
Filin Ƙofar Mata, saura minti ɗaya, kunnen doki,
ya yanke uku, ya zaunar da na huɗu,
ya aika ta kusurwar da gizo ke saƙa.
Mai rake ya rabar da baronsa kaf kyauta,
har mangariba ta wuce bai tuna ba.
Wani mai jaka ya zo daga Ikko, ya ce Turai,
aka sayar da filin uwarsa na Rijiyar Lemo.
Kwatano ce iyakarsa.
Yanzu Adaidaita yake ja;
dubi yadda yake kurɗawa a cunkoson Kurna,
yankan nan bai bar jininsa ba.

Sai wuta ta yi wuya, man inji ya hau,
masana'anta ta yi shiru kamar gidan makoki.
Ran Talata Koci Mudi ya tara su a gindin darbejiya,
ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.
An sayar da gurbinmu ga wasu a wata jiha.
Kaka ɗaya da rabi.
Kowane wasa yana da usur na tashi,
mu ba a busa mana ba.

Ni kuwa tun Litinin na wanke, na goge, na ninke,
don akwai wasa ran Asabar.
Suna nan cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona,
ba wanda ya zo ya ce a ba shi tasa,
ni ma ban bi kowa da ita ba.

Jiya autana Rabilu ya ɓalle kwado,
ya zari tara, ta sauko masa har gwiwa,
ya fita lungu, su da ƙwallon tsumma.
Ya dawo da ita duk taɓon kwata,
ya raɓe a zaure yana jiran dūka.
Na karɓa, na ɗebo ruwa, na nemo sabulu.
Ban ce masa komai ba.