Katin da Ke Aljihuna

Ƙarfe biyar da kwata, Salford ba ta farka ba.
Hita na ƙwas-ƙwas a bango kamar mai tsohon tari.
Na ɗora ruwan shayi, na buɗe Littafin,
aya ɗaya tak, ba na haɗama,
sai in zaro kati daga gwangwanin biskit,
kwalin sabulu ne na yayyanka da almakashi,
Ibrananci a gaba, Hausa a baya.

Daga dama ake farawa,
yadda kakana a Wusasa yake lissafin buhunan gyaɗa da ajami.
Baƙaƙe masu kusurwa, an jera su kamar bencin coci,
ɗigo a ƙasa, ɗigo a ciki.
Wata uku ina kiran dalet da sunan resh,
kamar baƙuwa a gidan tagwaye.

Wasu kalmomin, da na matsa kusa,
sai na ga ashe dangi ne.
Shalom, salama ce ta yi nisan kiwo.
Nefesh, ga numfashi yana leƙowa.
Beraka ta zo da albarka a goye.
Mut kuwa ba ya neman tafinta
wurin wadda aka binne uwarta tana kallo ta waya.

Hesed ce ta ƙi ni.
Na gwada mata ƙauna, ta yi mata gajarta.
Alheri ya matse ta a kafaɗa.
Aminci ya kusa, bai kai ba.
Na bar bayan katin fari fat,
na cusa shi a aljihun yunifom,
na bi bas ɗin Prestwich cikin yayyafi.

Ɗaki na sha huɗu, Mista Zelman.
Shekara casa'in da ɗaya, tela ne a zamaninsa,
yau maɓalli ɗaya ya fi ƙarfin yatsunsa.
Ran Lahadi 'yarsa ta zo da furanni,
ya tambaye ta ko ita ce mai raba magani.

Ina durƙushe ina sa masa safa,
ina ta nanatawa ƙasa-ƙasa, hesed, hesed,
sai na ji sanyin hannu a tsintsiyar hannuna.
Ya girgiza kai.
Ya kankare maƙoshi kamar mai ciro ƙayar kifi,
ya nuna wuyansa: daga nan take fitowa.
Na gwada, na sarƙe.
Ya yi dariya har haƙoran roba suka motsa.
Na sake, ya ce a'a.
A karo na bakwai ya ɗaga kafaɗa,
irin ta telan da ya karɓi ɗinkin yaron shago.

Ya ƙura wa bajina ido, ya haɗa baƙaƙen, Rifkatu.
Rivka, in ji shi, mai shayar da raƙuma!
Na ce Baba, nan kofin roba nake bayarwa,
da tsinken zuƙa a ciki.

Sai na yi ƙarfin hali, na tambaye shi ma'anarta.
Ya juya ga taga, ruwa na gangara a gilashi.
Ya daɗe, har na ɗauka ya tafi
can inda yake zuwa ya bar mana jikinsa.
Ƙararrawar ɗaki na tara tana ta kira.
Bai ce komai ba.
Ya miƙo mini ɗaya ƙafar, wadda ba safa.

Washegari bai san ni ba.
Ya ce in fita, an sace masa allura.
Na share masa baki, na gyara filo,
na zauna har ya cinye kunun hatsinsa.

Yanzu kati ɗari da goma sha biyu ne a gwangwani.
Wancan har yau ban mayar da shi ba.
Ya shiga injin wanki sau biyu,
tawadar ta baje, gefensa ya yi laushi.
Da asuba, kafin in ce amin,
nakan kankare maƙoshi in kira ta,
har maƙwabcina na sama ya buga ƙasa da takalmi.